Baƙo, Wahalarsa da Ribarsa a Kasuwar Maigatari

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Tun daren Laraba ake ganin garkunan shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga wajen Dungas da Magarya da sauran ƙasar Damagaram, manyan motoci kuwa suna jere a bakin kara suna jiran lodi zuwa Ikko da Badun da Fatakwal. Mai kawo dabba baƙo ne daga arewa, mai sayenta sau da yawa baƙo ne daga kudu, mutumin gari yana tsakaninsu yana samun abincinsa. A duk ƙasar Gumel babu garin da cinsa da shansa suka rataya ga baƙi kamar wannan, ko da yake Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel kanta duk suna samun nasu rabo, musamman lokacin riɗi da zoborodo.

Saboda haka akwai kuka iri biyu da ba su rabuwa da zauren hakimi a wannan yanki. Na farko daga 'yan gari yake fitowa, su ce wane ya zo jiya da sanda da buta, yau ga shi ya gina soro ya saye rumfuna, lalle da wata a ƙasa. Na biyu daga baƙi ne, wannan ya ce an karɓi shanunsa bashi an hana shi kuɗi, wancan ya ce an tare shi a hanya an saye kayansa da arha. Wanda zai saurari waɗannan koke-koke yana bukatar ya san amsar tambaya biyu. Shin wahala kaɗai tana isa ta arzuta baƙo? In kuwa ya arzuta, wace riba ce tasa ta halal, wace ce ta zalunci?

Wane ne baƙo a ƙasar Gumel

Kafin a shiga maganar ya kamata a tuna cewa kan iyakar nan ƙarama ce a shekaru. Ingilishi da Faransa ne suka shata ta bisa yarjejeniyar 1904 da ta 1906, alhali sarautar Gumel Mangawa suka kafa ta tun wajen 1750. Kafin 1845 ma a Tumbi hedkwatarta take, Tumbi kuwa yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Watau mutumin da takarda ta kira baƙo, yakan zama kakansa da kakan dagacin da ya sauke shi rijiya ɗaya suka sha. A zamanin mulkin Faransa mutane da yawa sun ƙetaro saboda nauyin haraji da aikin tilas, fari na 1973 da 1974 ya koro wasu, na 1984 ya ƙaro wasu, jikokinsu yanzu ba mai bambanta su da sauran talakawan Mai Gumel. Wannan ba ya hana a san wanda ya shigo da inda ya sauka, gama tsaron ƙasa yana bukatar haka. Abin da yake hanawa shi ne a ɗauki baƙunci tamkar laifi.

Abin da tarihin fatauci ya nuna

Masu cewa wahala tana arzuta baƙo suna da babbar hujja a ƙasar Kano, watau Agalawa da Tokarawa. Kakanninsu daga ƙasar Buzaye suka gangaro, ba su da sarauta, ba su da gonakin gado, suka zauna a garuruwa irin su Bebeji. A ƙarni na 19 sai ga su sun zama manyan fataken goro a hanyar Gwanja, tare da Kambarin Barebari waɗanda asalinsu Barno ne. Daga cikin Agalawa aka sami Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya sha almajirci da fatauci, ya kai Kumasi da Ankara, yana cikin waɗanda suka fara ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Neja. Sa'ad da ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Ba mai musun cewa ya yi wahala, kuma an san shi da tattali. Amma fa a dubi abin da ke tare da wahalar. Hanyar Gwanja hanyar ubansa ce, akwai dangi da masu masauki a kowane zango, akwai waɗanda za su ba shi kaya a kan amana, sa'an nan zamani ya kawo jirgin ruwa da reluwe daidai lokacin ƙarfinsa. A wannan hanyar kuwa dubban 'yan alaro sun bi da kayan goro a ka, wata da watanni, rana da raɓa. In da gumi kaɗai ake auna arziki da su ne attajirai, amma ko sunan ɗayansu ba a riƙe ba.

Haka abin yake a Maigatari har wa yau. A ƙaddara samari biyu sun ƙetaro ci-rani bayan kaka. Ɗaya ya kama ga-ruwa, yana tura kura tun asuba har magariba. Kurar ta haya ce, abin da ya samu ya cire kuɗin haya, ya ci, ya aika gida da ragowar, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi kuwa ɗan abin da ya tara ya tafi. Bayan shekara goma yana nan inda ya fara, sai dai ƙarfin ya ragu. Na biyu ya sauka gidan wani fatoma ɗan garinsu, yana ba dabbobin baƙi ruwa da harawa, yana kwana a turke. Shekara biyu maigida yana lura da shi, ya ga ba ya taɓa abin mutane, sai ya fara aikensa karɓo kuɗi, daga nan ya bar shi ya yi dillancin akuya da tunkiya, daga baya ya tsaya masa aka ba shi shanu biyu bashi ya kai kudu. Ba lalle ne na biyu ya fi na farko ƙwazo ba. Abin da ya samu, wanda ɗan'uwansa bai samu ba, shi ne wanda zai tsaya masa. Wahala ce ta sa maigida ya dube shi, amana ce ta sa ya riƙe shi, amma ƙofar da ya shiga wani ne ya buɗe.

An ga wannan tsari a fili a unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinsu, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Ya tarar cinikin shanu duka a kan bashi yake tafiya. Mai shanu ya zo daga arewa bai san kowa ba, mahautan Yarabawa ba su da kuɗi a hannu sai sun sayar da nama, maigida ne yake saukar da baƙo, ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, ya ɗauki lamunin kuɗin, in mahauci ya gudu shi zai biya. Jarin maigida na gaskiya shi ne sanin mutane da kyakkyawan suna. Fatoman Maigatari aikin nan yake yi, sai dai shi yana bakin hanyar ne ta arewa.

Akwai kuma abu na uku wanda ya fi ƙarfin baƙo da maigidansa duka, watau hukuncin gwamnatoci. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da suka shekara talatin ko arba'in a zangunan Kumasi da Ankara suka karyar da gidaje da rumfuna, wasu ma suka bar su haka nan. A watan Janairu 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, ana ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai miliyan biyu, har da mutanen Nijar masu yawa. Ita kan iyakar Maigatari an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa a watan Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangare a Maris 2024. Kowane karo akwai mutanen da ba su rage komai daga ƙwazonsu ba, amma jarinsu ya narke suna kallo, shanu suna ramewa a turke, bashi yana jiran biya. Waɗanda suka san ɓarauniyar hanya kuwa a lokacin suka yi kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi hattara kafin ya ce duk mai arziki ƙwazonsa ne, duk matalauci lalacinsa ne.

To, amsar tambaya ta farko ke nan. Ba a taɓa ganin baƙo ya arzuta yana kwance ba, kuma gaskiya ne baƙo yakan karɓi aikin da ɗan gari ke jin kunyar yi a gaban surukansa, yakan kuma ƙuntata wa kansa don ba shi da bukukuwan dangi a kusa. Wannan ne sirrin da masu cewa da wata a ƙasa ba su gani. Amma wahala ba ta zama dukiya sai an sami mai lamuni, an sami hukuma mai ƙwato haƙƙi, an kuma bar mutum ya daɗe a wuri ɗaya har a san shi.

Riba da riba

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma harshen Hausa da kansa ya ƙara mata ruɗu. A Larabci kalmomi biyu ne dabam, ɗaya tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu bisa uwar kuɗinsa, ɗaya tana nufin ƙarin da ake ɗora wa bashi. Da suka shigo Hausa sai suka zama kusan lafazi ɗaya, riba, shi ya sa mutane suka ƙirƙiro kuɗin ruwa don su rarrabe. Ta farko halal ce, ta biyu haramun ce. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu alƙalan ƙasar nan ke aiki da su, ba su yanka wa ribar ciniki iyaka ba. Wanda ya sayi sa a Damagaram ya koro shi kwana da kwanaki, ya ɗauki kasadar ɓarawo da ciwo da faɗuwar kasuwa, in ya ninka kuɗinsa ba wanda ya zalunta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Sayyidina Umar ya hana ɓoye abinci a kasuwar Madina, amma wanda ya ɗauko kaya daga nesa cikin sanyi da zafi ya ɗauke shi baƙonsa ne, ya bar shi ya sayar yadda ya so. Hakimin kan iyaka zai amfana in ya riƙe wannan rarrabewa, gama ita ce ainihin maganar: akwai ribar da ke fitowa daga kawo wa mutane abin da ba su da shi, akwai wadda ke fitowa daga rashin sanin wani ko yunwarsa.

Ta rashin sani ita ce aka fi yi wa baƙo. Misalinta tarbar kaya a hanya. Makiyayi ya taso da raƙumansa, saura tafiyar sa'a biyu ya iso kasuwa, sai wasu su tare shi su ce ai kasuwa ta faɗi makon nan, gara ya sayar a nan ya huta. Ya sayar, su shigo da su kara su ci ribar da tasa ce. Shari'a ta hana wannan tarba. Haka nan taya kaya ba da niyyar saye ba, don kawai a zuga baƙon kudu ya ƙara kuɗi, shi ma an hana. Sai kuma dillalin da ke cin baki biyu, ya gaya wa mai dabba an saya kaza, ya karɓi fiye da haka wajen mai saye, ya soke bambancin, sa'an nan ya miƙa hannu a ba shi la'ada. La'ada haƙƙinsa ce, ladan saninsa da tsayuwarsa a rana. Abin da ya soke a tsakani kuwa sata ce, ko da an saba ana kiranta da wani suna mai daɗin ji. Da yake mai dabba da mai saye sau da yawa ba su jin harshen juna, wannan ƙofa a buɗe take ƙwarai a kasuwar kan iyaka.

Malamai sun yi maganar wanda aka yi wa mummunar cuta a farashi. A Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalai suka sani sarai, an nuna cewa mai irin wannan ƙara ana sauraronsa in cutar ta kai sulusin ƙimar kaya ko ta wuce, in ya kasance bai san farashi ba, in kuma shekara ba ta shige ba. Yanke hukunci a kan haka aikin alƙali ne. Amfanin saninsa ga hakimi da malaminsa shi ne kada a kori baƙo daga zaure da cewa ai ciniki ya riga ya faɗa.

Canjin kuɗi ma yana da nasa. Naira da sefa suna gudana tare a Maigatari, 'yan canji kuwa suna yi wa kowa amfani. Sharaɗin shari'a a nan shi ne hannu da hannu, a faɗi farashi a fili. Wanda ya tuna watan Janairu 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, ya san yadda mai labari ke iya cinye marar labari kafin gari ya waye.

Amma kada a zaci kullum baƙo ne ake cuta. In ya yi ƙarfi shi ma yakan juya, kuma tasa cutar ta yunwa ce. Cikin watan Agusta, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, manomi yana da nome a gaba da bakuna a gida. Attajiri, baƙo ne ko ɗan gari, ya ba shi buhu ɗaya a kan ya biya biyu da kaka, ko ya ba shi kuɗi a kan riɗin da bai tsiro ba bisa farashin da kowa ya san rabin gaskiya ne. Na farko kuɗin ruwa ne tsantsa. Na biyu yana da fuskar halal, domin shari'a ta yarda a biya kuɗi yanzu a karɓi amfanin gona daga baya in an ambaci awo da iri da lokaci, amma in aka matse mai yunwa har ya zama kowace kaka amfaninsa na wani ne tun yana gona, to ƙarshenta jinginar gona, ƙarshen jingina kuwa sayarwa. Nan ne ƙiyayyar baƙi ke samun tushe, kuma in ta tashi ba ta tambayar wanda ya ci da wanda bai ci ba, mai shayi da ɗan dako su ne kan fara shan ta.

Ajiye hatsi ma haka. Wanda ya sayi gero da kaka lokacin da ya yi yawa, ya adana, ya fitar da bazara, ya yi wa gari aiki, gama da ba don shi ba da an kwashe an fita da shi. Wanda ya bi kasuwa yana saye lokacin ƙunci don ya ƙara ƙuncin, shi ne mai ɓoyon da aka hana. Tauye mudu kuwa, ko saye da babba a sayar da ƙarami, sura guda ta Alƙur'ani aka buɗe da gargaɗi a kansa, ba ya bukatar dogon bayani.

Rabon masu sarauta

Saura riba guda wadda ba a cika faɗa a zaure ba, watau ta masu iko. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da sarakunan zamaninsa ke karɓa a kasuwa ba bisa haƙƙi ba, har ya ambaci tawasa da ake karɓa wajen mahauta. Sunaye sun sake, halin bai mutu ba. Baƙo shi ne ya fi sauƙin tatsa, don ba shi da dangi, yana tsoron a ce takardarsa ba ta cika ba, kuma yana sauri ya koma. Duk abin da aka karɓa hannunsa ba rasit, a hanya ko a bakin kara, ba daga aljihunsa kaɗai yake fita ba. Zai ɗora shi kan kuɗin sa, ko kuma mako mai zuwa ya nufi wata kasuwa, gama Maigatari ba ita kaɗai ce a kan iyaka ba. Haushin 'yan gari ma wani lokaci daga nan yake, in sun ga attajirin baƙo ya fi su kusa da zaure saboda gaisuwarsa ta fi tasu nauyi.

Yawancin abin da zai gyara wannan ba ya bukatar kuɗi. Sarkin kasuwa ya riƙe mudu ɗaya na gwaji wanda kowa zai iya zuwa ya auna nasa da shi. Kowane dillali ya zama sananne ga shugabansu, da fatoman da ya tsaya masa, a kuma saba da faɗin kuɗin dabba da ƙarfi a gaban mai ita da mai saye, da tafinta in ana bukata. Mai unguwa ya san baƙon da ya sauka da mai masaukinsa. Cinikin gona ko jinginarta tsakanin manomi da wanda yake binsa bashi kada a sa masa hannu sai dagaci ya kira magada ya ji bakinsu, ya kuma tambayi asalin bashin.

Mafi yawan rigimar da ke zuwa zaure ta bashin dabbobi ce, ita kuwa a hannun malamin hakimi maganinta yake. In za a ba da shanu bashi, a rubuta sunan mai su da garinsu, da sunan mai karɓa, da na fatoman da ya ɗauki lamuni. A rubuta yawansu da irinsu, bunaji ne ko rahaji ko bokolo, da alamar da ke jikinsu. A rubuta kuɗin da kalmomi da lambobi, a bayyana naira ce ko sefa, da ranar biya, da shaidu biyu waɗanda ba yaran fatoman ba ne. Da yawa daga masu zuwa daga arewa ba su karanta boko irin na nan, amma suna karanta ajami, saboda haka in hali ya yi a rubuta da duka biyu. Sa'an nan a karanta wa kowa ya ji, ɗaya ta zauna a littafin ofis, ɗaya a ba baƙo ya tafi da ita.